Toronto ko ƙaramin gari: ina ya dace mai iyali ya sauka a Kanada?

Ka ce kana shirin ƙaura zuwa Kanada da matarka da yara, amma ka rasa zaɓi tsakanin Toronto, inda 'yan Najeriya suke da yawa, da garuruwa irin su Winnipeg ko Saskatoon.

A ganina, sana'arka ce ya kamata ta zaɓa maka gari. Idan kai likita ne, ma'aikacin jinya ko injiniya, kowane lardi yana da hukumarsa mai ba da lasisin aiki, kuma kafin lasisin ya fito, mutum kan share watanni yana tuƙi ko aikin sito. Saboda haka ka fara neman a tantance takardun karatunka tun kana gida.

Kuɗin haya a Toronto da Vancouver yana cinye albashi, ballantana ga mai buƙatar ɗaki biyu ko uku. Lardunan Manitoba (inda Winnipeg take) da Saskatchewan (inda Saskatoon take) sun fi sauƙi, suna kuma da tsarin gayyatar ma'aikatan da suke buƙata, sai dai sanyin Winnipeg a watan Janairu yakan kai har digiri 30 ƙarƙashin sifili, yaro ba ya fita sai da jibga-jibgan riguna da takalman ƙanƙara. Wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, ya duba lardin Kebek, inda ake magana da Faransanci. Ka kuma bincika nisan gidan da makaranta, masallaci da tashar bas.

Kada ka sayi takardar ɗaukar aiki a hannun dillali, domin ƙarya a takardun biza tana jawo haramcin shiga ƙasar na shekara 5. Batun takardu, ka nemi lauya, ko kuma mai ba da shawara da ke da rajista da CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice a Kanada.