Kafin ka taɓa bangon gidan Kaka

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce ka ɗan tara abin hannu a Yamai, kana so ka rushe zauren gidanmu na Agadas ka sa bulo, sauran ka shafe da siminti, kana tambaya wai dole ne sai ka nemi izini a gidan kakanka.

Dole ne mana. Gidan gado ne, gwaggonninka biyu suna da rabo a ciki, su za ka fara gaisarwa. Daga nan sai mai unguwa. Mu haka muka tashi muka tarar, ba a taɓa bangon da ya kalli hanya maƙwabci bai sani ba, don katangarka ita ce majinginar ɗakinsa. Da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013, unguwannin nan 11 duka, sai aka ƙara ofishin masu kula da shi a kan fadar Sarkin Abzin da magajin gari. Su ma sai ka je. Za su ce ƙasa a kan ƙasa, kar ka ɗaga bene ya tsere wa na mutane.

Maganar siminti kuwa, ni na riga ka. Shekarun baya na shafe bangon ɗakina na gabas da shi, ya yi sumul, har ina kiran mutane su gani. Damina uku. Wata safiya na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa kamar ganga, na sa yatsa a wata 'yar tsaga, sai falle guda ya zube a ƙafata. Ƙasar da ke baya jiƙe take sharkaf, tana marmashewa. Bangon ƙasa numfashi yake, ya sha ruwa ya fitar. Siminti ya toshe masa hanci. Ruwan 2024 da ya yi wa gari ɓarna ya ƙara nuna haka.

Nemo tsohon magini. A jiƙa ƙasa da ciyawa da kashin dabba, a bar ta kwanaki ta ruɓa har warinta ya kori mutum, sannan a yaɓe da tafin hannu kafin hadari ya fara haɗuwa. A duba indararo, a duba azarar goriba ko gara ta ci. Hasumiyar babban masallaci, mita 27, da yaɓen nan take tsaye, sandunan jikinta ma matakan magina ne.

Zauren kuma ka bar shi. Nan aka ɗaura auren ubanka, nan baƙo yake tsayawa bai leƙa mata ba. Wuta da famfo da makewayi ka gyara a ciki yadda kake so, amma a kai bututun ruwa nesa da gindin bango.

Ka zo lokacin Bianu, bikin shekara na Agadas, mu zagaya tare. Ka riƙo shayi da sukari na magini. Innarka tana gaishe ka.