Takobin kakanmu na zamanin Salahuddin ne? In wanke shi da ruwan batir?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan garin Mai Wurno ne a Sudan amma yaƙin basasar nan ya dawo da mu Gadarif. Cikin ɗan abin da muka iya fitowa da shi akwai takobin kakan babanmu, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, a jikin ruwansa akwai tambarin gicciye a kan wani ɗan ƙwallo da kuma rubutun Larabci da ya dushe. Wani dillali a kasuwa ya ce min na yaƙin 'yan Salibiyya ne tun zamanin Salahuddin, wai in wanke shi da ruwan batir in goge da samfefa rubutun ya fito, zai kai min shi waje a saya da dala. Wallahi muna cikin matsi amma zuciyata ba ta kwanta ba, ko barci ban yi sosai ba tun da ya faɗa min. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yaye mana wannan fitina ya mai da ku gida lafiya. Kafin komai dan Allah kar ka bari ko ɗigon ruwan batir ya taɓa takobin nan, samfefar ma ajiye ta, zan dawo kan wannan don shi ne ya fi damuna.

Maganar Salahuddin tukuna. Salahuddin ya rasu a 1193, 'yan Salibiyya kuma an gama korarsu daga Akka a 1291, kusan duk irin wannan takobin da ke hannun mutane a Sudan yau na ƙarni na 19 ne zuwa na 20, kaɗan ne ke kaiwa ƙarni na 18. Wannan gicciye a kan ƙwallo da ya ruɗe ka tambarin maƙeran Solingen ne a Jamus, garin da ya yi ta ƙera ruwan takobi yana turo wa Afirka buhu-buhu, tare da shi za ka ga wani lokaci an buga zaki ko ƙuda, wasu kuma fuskar wata guda biyu. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa kasuwar Kano a shekara, akasari daga Solingen ɗin, a nan ake sa musu ƙota da kube. Kuma da maƙeranmu suka ga tambarin yana ƙara wa kaya kuɗi sai su ma suka riƙa bugawa a nasu, a Kassala da Omdurman da sauransu, to ka ga tambari shi kaɗai ko Jamus ɗin ma bai tabbatar ba balle Ƙudus. Labarin Salibiyya Turawan da suka kwashi ganima bayan yaƙin Karari, inda suka ci rundunar Mahdiyya kusa da Omdurman, su ne suka fi yaɗa shi, sun ga miƙaƙƙen takobi mai kama da gicciye suka ce ai na kakanninsu ne, yanzu dillalai sun gaje shi don yana buɗe aljihu.

Tunda ku mutanen Mai Wurno ne duba ƙotar da kyau. In ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙota da ruwa siriri ne tsirara, kan ƙotar faifai ne, kuben kuma ya buɗe a ƙasa kamar ganye, to ɗaurin Sudan ne. In kuwa faffaɗa ne an lulluɓe shi da fata ko tagulla, bakin takobin kuma a zagaye, wannan ɗaurin ƙasar Hausa ne, yana iya yiwuwa ya biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi a 1903 lokacin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka sauka bakin kogi kusa da Sennar, inda garinku yake. In haka ne abin da ke hannunka ya fi ƙaryar dillalin nan daraja nesa ba kusa ba.

Yanzu ruwan batir. Wallahi na gaji da wannan magana, kusan kullum sai an turo min hoton takobi yana ƙyalli kamar sabon cokali ana tambayata nawa zai yi, in na ce ina rubutun sai a ce ai Malam mun wanke ne don ya fito sai ya ɓace. To dole ya ɓace mana! Rubutun nan na thuluth, wato wani salon rubutun Larabci, da ake gani a takubban zamanin Mahdiyya (mulkin Mahadi da halifansa a Sudan) yawancinsa da ruwan asid aka cinye shi a saman ƙarfen tun farko, zurfinsa bai kai kaurin farce ba, kai kuma ka zo ka ƙara masa wani asid ɗin ka bi da samfefa, daidai yake da ka rubuta allo ka wanke ka ce kana neman karatun. Wasu ma ba sa tsayawa nan, wajen mai walda suke kaiwa ya sa injin gurza, minti biyar ya share abin da ya yi shekara 130 yana jira. Akwai wani dattijo da ya kawo min na gidansu bayan an yi masa haka, muka juya shi a rana ta kowane gefe, harafi uku kawai muka iya gani, ya zauna ya yi shiru ni ma na rasa abin da zan ce masa. Kuma mutane sun kasa gane cewa baƙin nan da ya kwanta luf a jikin ƙarfe ba datti ba ne, shi ne fatar da shekaru suka yi masa, shi ke kare shi kuma shi masani ke fara dubawa, duk mai sayen kayan tarihi na gaskiya in ya ga an goge sai ya rage kuɗi ko ya juya baya. Jar tsatsa mai garin nan da ke ɓarɓashi ita ce mai ci, ita ma ba da asid ake yaƙarta ba. Lemun tsami, toka, yashi, omo, duk ɗaya ne a wajena. Haka masu gwada takobi da sara ƙusa wai in na asali ne ba zai dakushe ba, wannan jahilci ne, tsohon ƙarfe ne kake sara da shi, in ya ɓalle ba mai mayar maka.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Zare shi daga kube don fata tana riƙe danshi musamman da damina, sa ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ka shafa sama-sama, inda jar tsatsa take ka bar man ya kwana sannan ka share da tsumma, kar ka sa man gyaɗa yana danƙo, kar man ya taɓa fatar ƙota, ka daina kama ruwan takobin da hannu don gumi na cin ƙarfe.

Batun kai shi waje kuma ka yi hattara. Dokar kayan tarihi ta Sudan ta 1999 ta hana fitar da irin wannan ba izini, kuma tun da aka wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, ta yi gargaɗi a 2024 kan cinikin kayan Sudan, idon kowa na kan iyaka. Dillalin in an kama kaya ba sunansa za a kira ba, in kuma ya wuce da shi lafiya ba lallai ka sake ganin ƙeyarsa ba. Ban raina matsin da kuke ciki ba, na san abin da haya da abinci suke ci a Gadarif yanzu, amma takobin nan ba naka ba ne kai kaɗai, gado ne, akwai haƙƙin 'yan'uwanka da gwaggonninka a ciki, ka zauna da su kafin ka yanke komai.

In akwai tsoho ko tsohuwa da suka rage a gidanku ka kunna rikoda a waya yau ɗin nan su faɗa maka wa ya rataya shi, daga ina ya zo, a wane biki ake fito da shi. Sannan ka ɗauko min hoto da hasken safe, ɗaya na takobin gaba ɗaya, ɗaya na ƙota, biyu na tambarin da rubutun kusa-kusa ta gefe yadda inuwa za ta faɗa cikin haruffan, in sha Allahu zan karanta maka abin da ya karantu.