Tambaya da Amsa: Me Ake Iya Canzawa a Kwamfutar da Komai Nata Ke Bayan Allo?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan manyan kwamfutocin tebur da aka haɗe injinsu da allonsu a jiki ɗaya, musamman iMac mai inci 27, wadda Apple ya daina sayarwa a watan Maris na 2022. Kafin a sayi ko sukuru ɗaya, a shiga About This Mac a ga shekarar na'urar, domin kusan kowace amsa a kanta ta rataya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da iMac mai inci 27 ta 2017, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8, ma'ajiyarta Fusion Drive mai tera ɗaya. Allon lafiya lau, amma ta yi nauyi ƙwarai. RAM zan ƙara? Daga wani mai gyaran hotuna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka ƙara, amma da wuya a ce shi ne babban mai laifin. Fusion Drive faifai ne mai juyawa da aka haɗa da ɗan ƙaramin SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar faifai, kuma a samfurin tera ɗaya na 2017 wannan SSD giga 32 ne kacal. Da zarar aikinka ya fi ƙarfinsa sai komai ya koma kan faifan, wanda da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa. Ka buɗe manhajar Activity Monitor kana tsakiyar aiki, ka dubi zanen Memory Pressure: in kore ne amma na'urar na jan ƙafa, ciwon a ma'ajiya yake. In yana komawa rawaya ko ja, RAM ma ya gaza.

Maganin ma'ajiya ba ya bukatar a taɓa gilashi. Samfurinka yana da kafar Thunderbolt 3 guda biyu a baya. SSD mai sauri nau'in NVMe a cikin kwanson Thunderbolt kan wuce megabait 2,000 a daƙiƙa, kwanson USB-C na gama-gari kuwa yakan tsaya kusa da 1,000, wanda shi ma ya ninka faifan ciki sau da yawa. Ka fara kwafe bayananka da Time Machine. Sai ka goge sabon SSD ɗin a Disk Utility, ka zaɓi tsarin APFS da GUID Partition Map, ka girka macOS a kansa, ka kwaso kayanka da Migration Assistant, sannan ka zaɓe shi a Startup Disk. Abin kiyayewa ɗaya ne: kebul ɗin nan ya zama jijiyar na'urar, in ya zare tana aiki za ta sandare, don haka a ɗaure shi inda hannu ba ya kai wa. Masu samfurin 2012 zuwa 2015 su ma za su iya yin haka ta kafar USB 3, su samu kusan 400. Masu na 2020 sai sun fara shiga Startup Security Utility, ta hanyar danne Command da R wajen kunnawa, su ba da izinin tashi daga ma'ajiyar waje, saboda guntun tsaro na T2 yana hana hakan tun daga masana'anta.

RAM kuwa aikin minti biyar ne. Ka kashe, ka zare duk wayoyi, ka bari ta huce, ka kifa ta a kan tawul mai laushi. A ramin da wayar wuta ke shiga akwai ɗan maɓalli. In ka danna shi ƙofa za ta ɓalle. Ka tura hannayen riƙo biyu gefe, ka jawo gidan RAM, za ka ga gurbi huɗu, galibi biyu a cike da giga 4 kowanne. Abin da za ka saya shi ne SO-DIMM, irin na laftof, DDR4 mai gudun 2400 da ƙafafu 260. Na 2019 da 2020 suna shan DDR4 mai 2666, na ƙarshen 2015 DDR3 mai 1867, waɗanda suka gabace shi zuwa 2012 DDR3 mai 1600, kuma DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4 ko da an tilasta. A saya biyu-biyu, girma ɗaya, kamfani ɗaya. Giga 16 guda biyu a kan abin da kake da shi ya ba ka 40, ya ishi aikin hoto har da rara. Tsagar da ke ƙasan kowane ɗaya ba a tsakiya take ba, ka daidaita ta da gurbin ka danna har ya yi ƙas. In ka kunna ka ga allo baƙi, kada hankalinka ya tashi, takan ɗauki daƙiƙa 30 ko fiye tana tantance sabon RAM.

Tambaya: Ba na son waya tana reto a baya. Ba za a iya sa SSD ɗin a ciki ba? Daga wata mai zanen gine-gine.

Amsa: Za a iya, Hajiya, sai dai a nan ne ake asara. Daga 2012 allon da gilashinsa a manne suke da jikin na'urar da zirin gam. Ana yanka shi da ɗan faifan roba da aka yi don wannan aiki, wanda ba ya nitsewa fiye da kima. Wuƙa ko reza kan yanke waya ko ta tsaga gilashi, kuma allon 5K shi ne mafi daraja a duk na'urar. Bayan an yanka, ana ɗaga allon kaɗan daga sama, a zare wayoyi biyu da suka haɗa shi da uwar allon ciki, kafin a sauke shi. Sashen da ke rarraba wutar lantarki a tsirara yake a ciki, kafasitocinsa na riƙe caji bayan an zare filogi, don haka yatsa ba ya zuwa wurin. Faifan ciki mai inci 3.5 ne, SSD na SATA kuwa inci 2.5, sai an sa masa ƙarfen riƙo, kuma gudunsa ba zai wuce kusan 550 ba. Wato an sha wahala an samu ƙasa da abin da kwanson Thunderbolt ke bayarwa. Gurbin SSD mai sauri yana can bayan uwar allon, sai an kwance kusan komai.

In har za a buɗe, a tanadi sabon zirin gam na ainihin samfurin, a kankare tsohon tas, a gwada na'urar kafin a manne, a kuma share ƙurar fanka tunda an riga an shiga. Gam mara kyau shi ke sa allo ya saki bayan makonni ya faɗo. Samfurin 2009 zuwa 2011 sun fi sauƙi, mayen ƙarfe ne ke riƙe gilashinsu, amma suna auna zafi daga jikin faifan asali. In an canza shi fanka takan tashi da ƙarfi ba tsayawa, sai an sa ma'aunin zafi na daban ko manhajar Macs Fan Control. Na 2020 a manta da shi, SSD ɗinsa a ɗaure yake da T2.

Tambaya: Furosesa da katin hoto fa?

Amsa: Furosesar mai inci 27 a soket take, ana iya cire ta, amma sai 'yar tsararta za ta zauna, kuma ribar ba ta kai wahalar ba. Katin hoto an like shi da dalma tun 2012. Masu Thunderbolt 3 na iya jona katin AMD na waje, wanda ya fi amfani in an haɗa masa allo na biyu.

Tambaya: Na sayi Mac mini. Tsohuwar iMac ɗina mai allon 5K za ta iya zama allonta?

Amsa: Da kebul kawai, a'a, ɗan'uwa. Target Display Mode, tsarin da ke mayar da iMac allon wata kwamfutar, yana aiki ne a samfurin 2009 zuwa tsakiyar 2014, shi ma sai iMac ɗin na kan macOS High Sierra ko abin da ya gabace shi, kwamfutar da za a jona mata kuma ba ta wuce ta 2019 mai macOS Catalina ba. Masu 5K, da suka fara a ƙarshen 2014, ba su taɓa samunsa ba. AirPlay yana tura hoto zuwa iMac ta 2019 ko ta bayanta, amma da ɗan jinkiri da raguwar kaifi. Hanyar da ke ba da cikakken 5120 da 2880 ita ce a fitar da kayan ciki a sa ɗan injin sarrafa hoto mai kafar DisplayPort, wanda dole ya dace da lambar da ke rubuce a bayan allon. Daga nan ta daina zama kwamfuta, kyamara da lasifika ma sai an yi musu wata dabara.

Tambaya: Tawa ba ta Apple ba ce, Windows take ɗauke da shi. Shawarar ɗaya ce?

Amsa: Kusan ɗaya, kuma sau da yawa kai ne da sauƙi, Malam. Da yawa daga na HP, Dell da Lenovo murfin baya ake cirewa, a tarar da gurbin SO-DIMM biyu da gurbin SSD na M.2 mai girman 2280. A Task Manager, sashen Performance, za ka ga gurbi nawa ke cike. In bai nuna gurbi ba, mai yiwuwa an like RAM ɗin. Ka nemi littafin gyara na lambar samfurinka kafin ka ɓanɓare komai, ka kuma duba ko akwai kafar HDMI ta shiga, wadda ke mayar da ita allon wata na'ura.

Sai ka auna shekarun da suka rage mata. Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel ta tsara ta takwas zuwa sama, ko takwararta ta AMD. A ɓangaren Apple, iMac ta ƙarshen 2015 ta tsaya a macOS Monterey, ta 2017 a Ventura, ta 2019 a Sequoia, ta 2020 ce kaɗai ta kai Tahoe, wanda shi ne na ƙarshe ga masu Intel. In taka ta faɗo ƙasa da layin, ka sa kuɗinka a SSD na waje da zai bi ka zuwa sabuwar na'ura, ita kuma ka gwada mata tsarin Linux daga filasha kafin ka girka, ka tabbatar Wi-Fi da sauti suna aiki.