Amsa: Shin Turawa ne kaɗai suka rubuta tsarin mulkin 1960?

Ɗan'uwa daga Ƙofar Sauri, ka tambaya ko Turawa ne suka rubuta tsarin mulkin samun 'yancin kai suka miƙa mana. Ingila ce ta zartar da shi a hukumance, amma abin da ke cikinsa ya fito ne daga shekara goma na muhawara.

Ka faro daga taron Ibadan na 1950, inda wakilan sassan ƙasar suka tattauna sabon tsarin mulki. A can ne Sarkin Zazzau Ja'afaru, tare da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce muddin ba a bai wa Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar. Tsarin mulkin Macpherson (gwamnan Nijeriya na lokacin) na 1951 ya ba Arewa kujeru 68, Gabas da Yamma kowacce 34. Rikicin 1953 tsakanin Arewa da Kudu kan lokacin karɓar mulkin kai ya kai ga taron Landan, wanda ya haifar da tsarin tarayya a 1954, aka cire Legas daga Jihar Yamma duk da adawar Awolowo. Ƙananan ƙabilu kuwa sun nemi sababbin jihohi, amma Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-kokensu, a 1958 ta ba da shawarar a rubuta 'yancin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, sassaucin da a ganina bai share musu hawaye ba.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne cakuɗa tsarin 1960 da na 1963, wanda ya mai da Nijeriya jamhuriya. Idan aikin jarrabawa ne, ka tuntuɓi malamin tarihi ko na shari'a, sannan ka nemi takardun tarukan a Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar adana tarihi da ke Kaduna.