Tsattsewar da ke ƙyanƙyasa a gidan wani tsuntsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce a Kudancin Amurka akwai wata tsattsewa da ba ta gina sheƙar laka kamar yadda tamu take yi, sai dai ta shiga gidan wani tsuntsu ta yi ƙwai. Shin gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar gaskiya ce. Masana suna kiran wannan tsuntsuwa Progne tapera, kuma tun a 1766 wani masanin halittu mai suna Linnaeus ya rubuta bayaninta. Bayanta ruwan ƙasa ne, cikinta fari, sannan tana da ɗamara mai ruwan ƙasa a ƙirji. Abincinta ƙwari ne irin su shinge da ƙudaje, kuma a sama take cafke su.

Mai gidan da take shiga shi ne hornero, tsuntsun da Ajantina ta ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa. Shi kam magini ne na gaske: miji da mata suna kwaɓa laka da ciyawa su ɗora gini mai kama da ƙaramin tanderu a kan reshe ko turken shinge ko falwaya, su kuma ja katanga daga bakin ƙofa zuwa ciki, ta yadda iska da maƙiyi ba sa isa ɗakin ƙwai kai tsaye. Da yake hornero yakan yi sabon gini kusan kowace shekara, tsohon yakan zauna babu kowa, kuma a nan tsattsewar take shimfiɗa ciyawa da gashin tsuntsaye ta zuba fararen ƙwai uku zuwa biyar. A ganina bai dace a kira wannan lalaci ba, domin ta sami gini mai ƙwari ba tare da ta ɓata lokacin haihuwa wajen jidar laka ba, ko da yake wani lokaci takan takura wa mai gidan har ya tashi. Inda babu hornero, ramin gaɓar kogi ko shurin gara na kan bishiya ya ishe ta.

A cikin irin wannan tsattsewa, waɗanda ke haihuwa a Ajantina da Urugwai da kudancin Burazil ba sa tsayawa sanyin da ake yi a can daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da ƙwari ke ƙaranci. Garke-garke suke tashi su nufi arewa, zuwa yankin Amazon da Kolombiya da Benezuwela, wasu ma har Panama.