Hukuncin kuɗin fansho da ake cire wa ɗalibi mai aiki a Jamus

Tambaya: Malam, ni ɗan Gwammaja ne, ina karatu a Jamus, kuma ina aikin sa'o'i 20 a mako. Duk wata ana cire kashi 9.3 cikin ɗari na albashina ana zubawa a asusun fansho na gwamnati. Abokina ya ce inshora ce, haramun ce, gara in nemi inda za a riƙa biyana a hannu ba tare da rajista ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Ɗana, Allah Ya yi wa karatunka albarka. Abin da ake cire maka babu laifi a cikinsa, kuma taron malamai na Azhar da aka yi a Alƙahira a 1965 ya halatta tsarin fansho na gwamnati.

Masu haramtawa suna cewa ka ba da kuɗi ne don ka karɓi kuɗin da ba ka san adadinsa ba, ga garari, wato rashin tabbas a ciniki, ga riba, wato kuɗin ruwa. Wannan ƙiyasi ne a kan inshorar kasuwanci, wadda Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta hana a 1985, amma bai hau nan ba. A can kamfani ne yake sayar maka da kariya don ya ci riba. A nan kuwa abin da aka cire wa ma'aikata a wannan wata shi ake biyan tsofaffi da marayu da waɗanda lafiya ta hana su aiki, mai aikinka ma yana zuba kwatankwacin naka. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda Ƙarafi ya bayyana, suna ganin garari yana ɓata cinikin musaya ne, ba ya ɓata kyauta da taimako. Sannan doka ce ta wajabta cirewar, ba kai ka ƙulla ciniki ba, to ta ina riba za ta shigo?

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne shawarar abokinka, domin ita ce haramun ɗin. Ka shiga Jamus da alkawarin bin dokarta, aikin ɓoye kuwa ha'inci ne, kuma in ka ji rauni a wurin aiki ko aka hana ka haƙƙinka, da wace takarda za ka kai ƙara? Kana iya rasa izinin zama, iyayenka da suka ɗauki nauyinka a Kano su yi asarar wahalarsu.

Ka adana takardun albashinka, domin in ka dawo gida, bayan wata 24 kana iya neman a maido maka da kason da aka cire maka, kuma halas ne ka karɓa. Babu zakka a kansa sai ya shigo hannunka. Kada ka wuce sa'o'in da aka yarje wa ɗalibi, ka nisanci aikin da za ka miƙa wa mutane giya, kuma ka nemi a ware maka lokacin sallar Juma'a tun ranar da za ka sa hannu. Wallahu a'alamu.