Laftof Ɗin da Na Sa wa Linux Suna Dawowa Saboda Wi-Fi

Wani mai sayar da laftof na hannu ya turo tambaya. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urorinsa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai ya koma saka musu Linux Mint, wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Yanzu masu saye na dawo da wasu, wai Wi-Fi ba ya kamawa. Tambayarsa ita ce: ya bar harkar ne?

Alhaji, kada ka bari. Galibi laifin na ɗan katin Wi-Fi ne da ke cikin na'urar. Katin Intel yakan tashi da kansa, domin direbansa, wato manhajar da ke sa katin aiki, na zuwa tare da Linux. Na Broadcom, wanda ake yawan samu a tsofaffin Dell da HP da MacBook, shi ne mai taurin kai, saboda yawanci sai an sauke masa direba daban.

Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Linux, ka rubuta lspci, zai nuna maka sunan katin. In Broadcom ne, jona wayarka da kebul ka ba laftof ɗin intanet, ka shiga Driver Manager, manhajar saka direbobi ta Linux Mint, ka saka direban da ya ba ka, ka kashe ka kunna. In ya ƙi, leƙa BIOS, wato saitunan na'urar na kafin Linux ya tashi, domin tsarin tsaron da ake kira Secure Boot kan hana irin wannan direba aiki.

Amma ni inda na fi ganin asararka shi ne wurin sari. Kana biyan kuɗi kafin ka san abin da ke ciki. Riƙe filas mai Linux Mint a aljihu, ka tayar da kowace na'ura da shi a gaban dila, ba sai ka saka komai ba. Gwada Wi-Fi da sauti da kyamara. Wadda ta gaza, a rage maka kuɗin katin Intel da ladan mai gyara, ko ka bar masa abarsa. Sai dai a kula, wasu tsofaffin Lenovo da HP ba sa karɓar baƙon kati, wasu kuma katin a manne yake da babban allon cikin na'urar (motherboard).

Sannan ka riƙa tambayar mai saye aikin da zai yi. Ɗalibi mai rubutu da bincike zai ji daɗin Linux. Mai shagon buga katin biki da ke rayuwa a kan CorelDraw kuwa, manhajar zane da ba a yi ta don Linux ba, ko Wi-Fi na gudu kamar iska sai ya dawo maka da ita, don haka tun farko nuna masa mai Windows 11.